Ihun Da Sia Ta Tanada

Sia na tsaka da nuna wa wata Baturiya yadda ake ɗaura siket mai ninki, sai ta ji ana huci a bayan kunnenta. Tana waiwayawa ta ga kan doki a cikin kwandonta. Wani ɗan guntun doki ne ja, ya tura baki yana cin shinkafar da ta ƙunso a ganyen ayaba, ƙafarsa ɗaya kuma a kan zanen da ta kwashe damina guda tana yi masa ado da kakin zuma.

"Kai! Dokin uban wa ne wannan?"

"Na ubana ne," in ji wani dogon saurayi da ya iso yana haki, tsinkakkiyar igiya a hannunsa.

"To ka gaya wa ubanka dokinsa ba shi da tarbiyya."

"Ai ni ma haka yake ce mini kullum. Da alama a gidan ne."

Ranar Lahadi ce, kasuwar garin Bac Ha na kan duwatsu ta cika ta batse. Baƙin da motoci suka hauro da su daga birni suka kewaye su suna dariya suna ɗaukar hoto. Saurayin ya janye dokin, ya ɗaga zanen yana kaɗe shi.

"Ba ni in wanke miki."

"Da hannun da kake kwashe kashin doki?"

Ya dubi nata hannun, wanda shuni ya rine har wuyan hannu, ya yi murmushi.

"Sunana Leng. Ke fa, 'Yar Shuni?"

Ta ci gaba da gyara kayanta. Amma ta ga lokacin da ya tsaya yana kwafar lambar wayarta daga allon da ta kafa domin baƙi, ba ta kuma hana shi ba.

Yana ba da baya, Pla, ƙawarta ta ƙuruciya wadda ke sayar da sarƙoƙi a gefenta, ta matso.

"Kin san ɗan wa kike wa murmushi? Ɗan Vang Tua ne, dillalin dawaki."

Murmushin ya bushe a fuskar Sia.

Tana ƙarama ta taɓa rako babanta, Thao Dinh, wannan kasuwar sayar da 'yan aladu. A ranar farin dokin Vang Tua ya ɓace, wani ya ce ya ga Thao Dinh ya gifta ta wajen. Babu bincike, babu tambaya. Vang Tua da danginsa suka ɗaure shi a jikin turken da ke tsakiyar filin dawaki, suka bar shi a rana ana tofa masa yawu har kasuwa ta watse. Ita kuwa tana tsaye riƙe da igiyar aladu, tana kuka, babu wanda ya ko kalle ta. An je an birkice gidansu, ba a ga ko gashin doki ba. Daga baya aka riƙa raɗe-raɗin cewa dokin ya faɗa kwazazzabon da ke bayan gonar Vang Tua ne ya mutu, amma Vang Tua bai taɓa buɗe baki ba. Tun daga ranar babanta bai sake taka kasuwa ba. Har yanzu idan faɗa ya haɗa Sia da wata, abin da ake fara jifanta da shi ke nan, 'yar ɓarawon doki.

Da la'asar tana naɗe kaya wayarta ta yi ƙara.

"'Yar Shuni, dokin ya ce in ba ki haƙuri. Ya ce shinkafar ta yi daɗi, ko akwai saura mako mai zuwa?"

Ta daɗe tana kallon saƙon. Sannan ta juya wajen Pla.

"Kin san al'adar jan hannu?"

"Wa bai sani ba? Saurayi ya ja budurwarsa daga kasuwa zuwa gidansu, ta kwana uku, sai aure, iyaye ba su da ta cewa."

"In da yardarta ke nan. In ta yi ihu ta ce ba ta san shi ba fa?"

Pla ta zaro ido. "Ai yanzu hukuma ba ta wasa da wannan. Kafin 'yan sanda su iso ma 'yan kasuwa sun farfasa masa jiki."

"Yauwa. Zan sa ya so ni har ya rasa inda zai sa kansa. Ranar da ya kama hannuna a filin dawaki, zan kwarma ihun ɓarawon mutane. A turken nan za a ɗaure shi, ubansa yana kallo."

"Sia, yaron kirki ne fa."

"Babana ma mutumin kirki ne."

Ba ta lura da yadda Pla ta sunkuyar da kai ba. Ta riga ta fara rubuta amsa.

"Ka gaya wa dokin ya zo da kansa. Ka rako shi in ka ga dama."

Haka aka fara. Kowace Lahadi, da zarar baƙi sun fara komawa motocinsu da zannuwa da jakunkunan da suka saya, sai Leng ya bayyana. Ya kai ta rumfar masu farfesun doki, su zauna a kan gajeren benci suna ci da dambun masara. Surutu gare shi kamar tsuntsun safiya, har ta laƙaba masa suna Sarkin Surutu. Yakan kwaikwayi yadda baƙi ke taya kaya da hannu da ƙafa, ta yi dariya har ta ƙware. Idan ta tuna kanta sai ta ce a zuci, dariyar ma cikin aikin take.

Wata rana ta yi ƙorafin cewa kakin zuman kasuwa duk gauraye ne, ba ya kama zane. Lahadin da ta biyo baya sai ga shi da ido ɗaya a rufe, leɓe ya kumbura kamar an hura, yana miƙo mata curin kaki rawaya mai ƙanshi.

"Me ya same ka?"

"Na je gaishe da ƙudan zuma a kan dutse. Sun karɓe ni hannu bibbiyu."

"Kai mahaukaci ne? Da ka faɗo fa?"

"Da kin yi kuka?"

Ta ɗauke kai. Ta jiƙa gefen mayafinta tana danna masa a fuska, tana jin haushin kanta da ta damu da shi haka.

Da ta koma ƙauyensu na kan dutse ranar, ta tarar da babanta a inda ta saba tarar da shi, zaune a bayan gida yana kallon hanyar da ke gangarawa kasuwa. Mutanen ƙauye na dawowa da kwanduna a baya suna hira, da suka matso sai ya tashi ya shige ciki. Ta tsaya tana kallon ƙofar da ya rufe. Duk taushin da zuciyarta ta yi a rumfar farfesu ya koma dutse.

Ba a daɗe ba maganar ta kai kunnen Vang Tua. Bai aiko ba, da kansa ya zo. Ya tsaya a gaban shimfiɗarta, gajere mai kauri, da bulala a hannu, ya sa bakin bulalar ya ɗaga zane ɗaya kamar mai duba mushe.

"Ke ce kike bin ɗana?"

"Shi yake bi na, Kawu."

"Ki ji da kyau. Gidana akwai dawaki da yawa. Ba zan kawo 'yar ɓarawo in kwana da ido ɗaya a buɗe ba."

Ya faɗa da ƙarfi, yadda duk masu layin za su ji. Wani mai yi wa baƙi jagora ma ya tsaya yana kallo. Sia ta sunkuya ta gyara zanen, ta ce a hankali, "A sauka lafiya, Kawu." A cikin bakinta kuwa ta ciji harshe har ta ji ɗanɗanon jini.

Kafin ta kai gida saƙon Leng ya shigo.

"'Yar Shunina, na ji abin da Baba ya yi. Kunya ta hana ni zuwa. Ba zai taɓa aika masu neman aure gidanku ba, na sani. Saura hanya ɗaya, in kin yarda. In ja hannunki ranar Lahadi a gaban kowa. Ki ce e, ki ga yadda zan riƙe ki har tsufa."

Abin da ta yi watanni tana jira ke nan. Ta zauna a kan wani dutse a gefen hanya, gajimare na wucewa ta ƙasan ƙafarta, ta rubuta.

"E. A filin dawaki, da hantsi, lokacin da kasuwa ta fi cika."

Ta tura. Sannan ta rasa dalilin da ya sa hawaye ke zuba a kan wayar.

Ranar Lahadi ta sa siket ɗinta mafi kyau da sarƙar azurfar mamanta. Pla ba ta fito kasuwa ba, amma Sia ba ta kawo komai a ranta ba. Ta bar kayanta a rufe, ta ratsa ta cikin masu kaji da masu barkono har filin dawaki. Turken na nan, ya yi baƙi saboda tsufa. Can gefe Vang Tua na buɗe bakin wani doki yana nuna wa mai saye haƙora. Ga ɗan sanda a bakin shiga. Komai ya zauna yadda ta tsara.

Leng ya iso. Bisa al'ada da abokai ake zuwa, amma shi kaɗai ne. Babu murmushi a fuskarsa. Ya kama wuyan hannunta, ya tsaya, bai ja ba.

"Yi ihun," ya ce a hankali.

Ta ɗago ta dube shi.

"Pla ta zo gidanmu jiya. Ta gaya mini komai, ta ce ita ce mai sona da gaskiya. Shi ya sa na zo ni kaɗai, kada wani ya tare mini. In ɗaure ni zai wanke abin da aka yi wa babanki, ga ni. Yi ihun, Sia."

Rabon da ya kira ta da sunanta na gaskiya har ta manta. Ta buɗe baki. Ihun na nan a maƙogwaronta, shekara da shekaru tana renonsa. Ta dubi fuskarsa, ta dubi turken, ta dubi tsohon da ke can yana dariya da mai sayen doki. Sai ta ga ashe mai laifin na can yana dariya, ita kuwa tana shirin yanka wanda bai ci ba bai sha ba.

Ta juya hannunta ta cafke nasa. Ita ta ja shi, har gaban ubansa.

"Kawu Vang Tua!"

Muryarta ta ratsa filin. Masu ciniki suka yi tsit.

"Ɗanka ya kama hannuna a gaban shaidu. Kalma ɗaya zan faɗa, a ɗaure shi a turken can, daga nan sai gidan yari. Ka san turken ai. Kai ka koya mini amfaninsa."

Tsohon ya saki bakin dokin. "Ke yarinya, kina hauka ne? Leng, gaya musu da yardarta ka zo!"

Leng ya dubi ƙasa. "Ba zan ce komai ba, Baba."

Mutane suka fara matsowa. Baƙi sun ɗaga wayoyi. Ɗan sandan ya baro bakin shiga yana tahowa a hankali. Vang Tua ya dubi ɗansa, shi kaɗai ne namiji a gidansa.

"Me kike so? Doki? Zaɓi wanda kike so."

"Ka riƙe dawakinka. Ina farin dokin da ka ce babana ya sace?"

Tsohon ya kau da kai.

"Ina yake, Kawu? Ga ɗan sanda nan ya kusa."

"Ya mutu," tsohon ya ce can ƙasa.

"Ban ji ba. Ranar da ka kira shi ɓarawo har masu kaji sun ji ka."

"Ya mutu! A kwazazzabon bayan gonata ya faɗa. Na gan shi da idona bayan an saki babanki. Thao Dinh bai saci komai ba. Kunya ce ta hana ni faɗa."

Filin ya ɗauki hayaniya. Wata tsohuwa mai sayar da igiya ta tofar da yawu a gaban ƙafarsa. Ɗan sandan ya iso yana tambayar lafiya. Sia ta dube shi ido cikin ido ta ce, "Lafiya lau, ranka ya daɗe. Maganar gida ce."

Ta juya wajen Leng. Ya zare hannunsa daga nata a hankali, ya ratsa taron ya tafi, bai waiwayo ba.

Labarin ya riga ta isa ƙauye. Ta tarar da babanta tsaye a ƙofar gida, maƙwabtan da suka yi shekaru suna kauce masa sun cika tsakar gidan da kwalaben giyar masara. Sia ta ji daɗin da ba ta taɓa ji ba, ko kaɗan ba ta yi nadamar abin da ta yi wa tsohon ba. Amma wayarta ta yi shiru. Lahadi ta zo ta wuce, wata ma ta wuce, bencin rumfar farfesu babu kowa. Pla ta dawo kasuwa ta koma wani layin, Sia ba ta ko kalli inda take ba.

Da abin ya ishe ta, ta rubuta masa.

"Sarkin Surutu, shirunka ya fi zagi ciwo. Ka zage ni in ji."

Sai washegari amsa ta zo.

"Tambaya ɗaya gare ni. Wace rana kika daina yi mini ƙarya? In babu ranar, ki faɗa, ba zan sake damun ki ba."

Ta ajiye tsinken da take yi wa zane ado da shi.

"Ranar da ka zo da fuska kamar kabewa. Tun daga ranar kaina nake wa ƙarya, ba kai ba. Ban ba ubanka haƙuri ba, ba kuma zan ba shi ba. Amma kai, Leng, ka yafe mini."

Da yamma ta ji ƙarar babur a ƙasan tudu. Ta fita da gudu ba ko takalmi. Yana tsaye ya rame, yana ta ƙoƙarin ɗaure fuska.

"Kabewa fa kika ce."

"Babba ma kuwa."

Dariya ta ƙwace masa. Ta kama hannunsa da nata biyu ta ɗora a goshinta tana kuka.

Sai dai da maganar aure ta taso, Thao Dinh ya ce atafau. "Jinin Vang ba zai haɗu da nawa ba. Magana a bakin kasuwa ba ta kwance igiyar da aka ɗaure ni da ita ba." Sia ta roƙa, mamanta ta roƙa, ya ƙi.

Leng kuwa ya daina zuwa filin dawaki, ya daina cin abinci a gidan ubansa. Ba a jima ba wata safiya aka ga Vang Tua yana hawo tudun da ƙafa, babu bulala, da tulun giya a kafaɗa. Thao Dinh ya gan shi sarai. Ya ci gaba da ba aladu dusa. Ya gama, ya wasa lauje, ya gyara shinge. Tsohon na tsaye a tsakar gida, yayyafi na sauka a kansa, har rana ta take. Sia na leƙe ta jikin katakon bango, ba ta ji tausayinsa ko na ƙwayar masara ba.

Daga ƙarshe Thao Dinh ya fito ya tsaya a gabansa.

"Me ya kawo ka?"

"Na zo ka yi mini duk abin da ka ga dama."

"Ranar Lahadi zan shiga kasuwa. A kan dokinka mafi kyau. Kai za ka riƙe linzami, a ƙasa, tun daga bakin hanya har filin dawaki."

Vang Tua ya gyaɗa kai. "Na yarda."

Haka kuwa aka yi. Thao Dinh ya sa baƙar rigarsa ta biki, ya zauna ƙyam a kan doki, Vang Tua na gaba yana ja, kansa a sunkuye. 'Yan kasuwa suka dare gida biyu. Baƙi suka ɗauka wani bikin gargajiya ne, suka yi ta tafi. A tsakiyar filin Thao Dinh ya sauko, ya karɓi gatari daga hannun Leng, ya sare turken da kansa. Da ya faɗi, ya share gumi, ya dubi saurayin.

"Gaya wa ubanka ya aiko masu neman aure. Su zo da ladabi."

Bayan girbin masara aka yi bikin. Masu neman aure suka hau tudun da baƙar lema ta al'ada, aka yanka aladu, giya ta gudana kamar ruwan ƙorama. Leng ya durƙusa wa dangin Thao ɗaya bayan ɗaya, har da jarirai, sai da gwiwoyinsa suka ƙi miƙewa. Pla ba ta zo ba. Sia ta aika mata da nama, ta zaɓo mata inda ya fi ƙashi.

Da za su tafi, Thao Dinh ya ɗaura musu farin zare a wuyan hannu.

"Kakanninmu su tsare hanyarku. Rumbunku ya cika, gidanku ya cika da 'ya'ya. Kada ɗayanku ya kwana da magana a ciki."

A ƙofar gidan ango, Vang Tua ne ke tsaye da zakara a hannu, domin uban gida ne ke kewaya shi a kan amarya kafin kakannin gidan su karɓe ta. Ya kewaya shi a kanta. Idonsu ya haɗu.

"Shigo, 'yata," ya ce. "Gidanki ne. Ki zauna lafiya, ki tsufa a cikinsa."

Sia ba ta motsa ba. Ta bar shi a tsaye da zakaransa, dangi duk sun zuba ido, har sai da Leng ya matse mata yatsa yana raɗa, "Haba 'Yar Shunina, ya isa haka."

Sai ta yi murmushi.

"Na gode, Baba," ta ce, ta ɗaga ƙafa ta tsallaka dokin ƙofa.